Zakaru A Fili, Baƙi A Gida: Manyan 'Yan Wasa Da Haƙƙin 'Ya'yansu

Cikin watan Yuli na 2012, a birnin Manila na ƙasar Filifin, bayan an tashi daga wani wasan ƙwallon kwando na nishaɗi, wani dattijo ya kutsa cikin jama'a har ya kai wurin Dennis Rodman, ya miƙa masa hannu suka gaisa. Dattijon nan mahaifinsa ne, rabonsu da ganin juna kuwa shekara 42 ke nan. Gaisuwar ba ta daɗe ba kowa ya kama gabansa. Shi dattijon da bakinsa ya shaida wa 'yan jarida cewa ya haifi 'ya'ya 29 da mata 16.

Wanda ya san ƙwallon kwando ya san Rodman. Sau biyar ƙungiyarsa tana cin kofin NBA, watau babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, biyu da Detroit cikin 1989 da 1990, uku kuma da Chicago daga 1996 zuwa 1998 tare da Michael Jordan. Ya sha faɗa a bainar jama'a irin ciwon da tafiyar mahaifinsa ta bar masa, don yana ƙaramin yaro uban ya fita bai komo ba. To, amma a shekarar da suka gaisa a Manila, shi ma yana gaban alƙali a Jihar Kalifoniya, tsohuwar matarsa ta kai shi ƙara a kan kuɗin ciyar da 'ya'yansu biyu. An ce bashin ya haura dala 800,000. Lauyoyinsa suka ce ba shi da ko anini, kuma ba shi da lafiya. Cikin watan Disamba na wannan shekara kotu ta yanke masa biyan dala 500,000.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan nan biyu ita ce Trinity Rodman, wadda aka haifa cikin 2002. Ta girma ta zama gwanar ƙwallon ƙafa, har ta ci lambar zinariya da ƙungiyar matan Amurka a wasannin Olamfik na birnin Faris cikin 2024. Cikin watan Disamba na 2024 aka yi hira da ita, ta ba da labarin yadda ita da mahaifiyarta da ɗan'uwanta suka taɓa zama cikin mota na ɗan lokaci saboda rashin muhalli, alhali sunan mahaifinta ya cika duniya. Ta ce in ban da jini babu abin da ya sa za ta kira shi uba. Rodman ya fito ya nemi gafararta. Ga kaka, ga ɗa, ga jika, kuma ciwon iri ɗaya ne. Hausawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai gudun da aka gada a nan ba na alheri ba ne.

MUJALLAR DA TA TONA ASIRI

Maganar ba sabuwa ba ce, amma ranar da ta fito fili sosai ita ce ran 4 ga watan Mayu na 1998. A ranar ne mujallar wasanni ta Sports Illustrated ta fito da hoton wani yaro ɗan shekara biyu a bangonta, yana riƙe da ƙwallon kwando, an rubuta tambaya a kusa da shi, wai ina baba yake. Yaron ɗan wani ɗan wasan ƙungiyar Boston ne. Masu rahoton, Grant Wahl da Jon Wertheim, sun bi takardun kotuna jiha-jiha, suka jero sunayen manyan 'yan wasa da aka kai ƙara a kan sun ƙi karɓar 'ya'yan da suka haifa, ko sun karɓa amma sun ƙi ciyarwa. Suka ce Shawn Kemp, wanda a lokacin bai kai shekara 30 ba, yana da 'ya'ya bakwai, Larry Johnson kuma yana da biyar da mata huɗu. Wani babban wakilin 'yan wasa ya gaya musu cewa mai yiwuwa ne yawan yaran da aka haifa ba ta hanyar aure ba ya fi yawan 'yan wasan gasar baki ɗaya.

Rahoton ya tā da ƙura ƙwarai. Waɗansu suka yaba, waɗansu kuwa suka ce an yi shi ne don a ɓata sunan baƙar fata, da yake su ne mafi yawa a ƙwallon kwando. Za a komo kan wannan magana nan gaba. Abin da ba wanda ya musa shi ne takardun kotun, don suna nan a ajiye.

TARA DA MATA TARA

Labarin Travis Henry shi ne ya fi nuna yadda abin ke cin mutum. Shi ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, irin wadda ake runguma a ruga da ita ana bangazar juna, babbar gasarta kuwa ita ake kira NFL. An haife shi cikin 1978 a wani ƙaramin gari na Jihar Fulorida. Cikin 2007 ƙungiyar Denver ta ɗauke shi kwantiragin shekara biyar a kan fiye da dala miliyan 20. A wannan shekara wani alƙali a Jihar Jojiya ya umarce shi ya riƙa biyan dala 3,000 kowane wata saboda ɗa guda, ya kuma ajiye dala 250,000 cikin asusu na musamman don yaron. Dalilin alƙalin shi ne ya ga yadda mutumin ke ɓarnar kuɗi, don an nuna wa kotu ya kashe wajen dala 100,000 a kan mota ɗaya, da wajen dala 146,000 a kan sarƙoƙi da zobba.

Kakar wasa ɗaya tak ya yi a Denver aka sallame shi cikin 2008, watau mafi yawan kuɗin kwantiragin bai taɓa shiga hannunsa ba. Kafin shekarar ta ƙare aka kama shi da laifin sa kuɗi cikin fataucin hodar iblis, cikin 2009 aka ɗaure shi shekara uku. A farkon 2009 jaridar New York Times ta buga cewa yana da 'ya'ya tara da mata tara, na farkon tun yana makarantar sakandare, kuma lauyansa ya ƙiyasta abin da kotuna suka ɗora masa ya kai dala 170,000 a shekara.

In mai karatu ya yi lissafi zai ga inda gizo ke saƙar. Dala 170,000 in aka raba wa yara tara, kowanne bai kai dala 1,600 a wata ba, wanda ba wani abin kirki ba ne ga mai albashin miliyoyi. Amma yaro sai ya kai shekara 18 ake daina biya a yawancin jihohin Amurka. In aka ninka dala 170,000 sau 18 za a sami fiye da dala miliyan uku. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasan NFL kuwa ta daɗe tana cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai fi shekara uku da 'yan watanni ba. Ashe ke nan albashin na shekara uku ne, bashin kuwa na shekara 18.

Antonio Cromartie ma ɗan wannan gasa ne. Da ƙungiyar New York Jets ta ɗauko shi daga San Diego cikin 2010, sai da ta ba shi dala 500,000 daga cikin albashinsa tun bai fara wasa ba, don ya biya bashin ciyarwa da ya taru a kansa a jihohi dabam-dabam. A shekarar nan aka nuna shi a talabijin an ce ya faɗi sunayen 'ya'yansa da shekarunsu, yana yi yana inda-inda, jama'a suka mai da shi abin dariya. Daga baya 'ya'yan suka kai 14. Ya kamata a faɗi cewa ya yi aure cikin 2010, ya kuma zauna da iyalinsa.

GIDA MAI ƊAKI 109

Masu sha'awar damben zamani ba za su manta da Evander Holyfield ba, wanda Mike Tyson ya ciji kunnensa a Las Vegas cikin watan Yuni na 1997. Sau huɗu yana riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi, kuma an ƙiyasta abin da ya samu a dambe ya wuce dala miliyan 200. Ya gina gida mai ɗaki 109 kusa da birnin Atlanta. Ya haifi 'ya'ya 11 da mata shida. Tun cikin 2008 aka fara kai shi kotu a kan ya daina biyan kuɗin wata na ɗaya daga cikin yaran. Cikin 2012 hukumar Jihar Jojiya ta ce ana bin sa fiye da dala 300,000 na ciyar da 'yarsa guda, a shekarar kuma aka yi gwanjon gidan a kan dala miliyan bakwai da rabi saboda bashin banki, kuɗin da bai ma isa ya biya bashin ba.

Terrell Owens kuwa, wanda ya sami wajen dala miliyan 80 a NFL, yana da 'ya'ya huɗu da mata huɗu, an ɗora masa dala 44,600 kowane wata. Da wasa ya ƙare masa ya koma kotu cikin 2011 yana roƙon a rage. Cikin 2012 uku daga cikin uwayen yaran suka zauna da shi a wani shirin talabijin, suna cewa ba kuɗin ne kaɗai ya dame su ba, yaran ba su ganinsa. Shi Owens a wurin kakarsa ya tashi a Jihar Alabama, kuma bisa ga labarin da ya bayar da kansa, sai da ya kai wajen shekara 11 ya san mutumin da ke zaune a gidan da ke tsallaken titi shi ne mahaifinsa. Yadda ya sani kuwa shi ne ya fara son wata yarinya ta gidan, sai aka ja shi gefe aka ce masa 'yar'uwarsa ce.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Gwamnatin Amurka ba ta wasa da wannan al'amari. Cikin 1975, zamanin Shugaba Gerald Ford, aka kafa shirin tarayya na tilasta wa iyaye biyan kuɗin ciyarwa, kowace jiha ta buɗe ofishin da aikinsa shi ne neman uban da ya ɓace, da tabbatar da cewa shi ne uban, da karɓo kuɗi daga gare shi. Yawanci daga albashi ake cirewa tun bai kai hannun mai shi ba, kuma doka ta yarda a cire rabin abin da ya rage bayan haraji, wani lokaci har kashi 65 cikin 100.

Cikin 1986 aka ƙara wata doka da ake kira da sunan Sanata Bill Bradley, wanda shi kansa tsohon ɗan ƙwallon kwando ne na New York. Dokar ta ce bashin ciyarwa in ya riga ya taru, ba alƙalin da ke da ikon komawa baya ya rage shi. Ana yanke kuɗin ne bisa ga abin da mutum ke samu a lokacin shari'a. In samunsa ya faɗi, wajibi ne ya koma kotu ya nemi ragi, kuma daga ranar da ya shigar da takarda ne ragin zai iya fara aiki. Ɗan wasan da ke da yara a jihohi biyar sai ya je kotuna biyar da lauyoyi biyar. Da yawa ba su zuwa, ko don girman kai, ko don suna sa ran wata ƙungiya za ta sake ɗaukarsu, bashi kuwa yana ta hauhawa, a jihohi da dama har da kuɗin ruwa. Ko mutum ya je kotu ya bayyana karayar arziki aka yafe masa sauran basussuka, wannan ba ya cikin waɗanda ake yafewa.

Har ila yau, cikin 1998 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta mai da abin babban laifi. Wanda ya ƙi biya da gangan ga yaron da ke wata jiha, har bashin ya wuce shekara biyu ko ya haura dala 10,000, ana iya ɗaure shi har shekara biyu. Wanda ake bi fiye da dala 2,500 ba a ba shi fasfo, jihohi kuma suna ƙwace lasin tuƙi. A Ingila ma an yi doka cikin 1991, aka kafa hukumar karɓar kuɗin ciyarwa cikin 1993, daga 2012 kuma aka maye gurbinta da sabuwa.

SARAKUNAN TAMAULA

Kada a ce abin na Amurka ne kaɗai. Pele, wanda ya ci kofin duniya sau uku da Birazil, ya kuma zo Ikko da ƙungiyar Santos cikin 1969, yana da 'ya mai suna Sandra Regina da aka haifa cikin 1964, uwarta mai aikin gida ce. Cikin 1991 ta shigar da ƙara tana neman ya karɓe ta. Aka yi gwajin jini na ƙwayoyin halitta ya nuna 'yarsa ce, Pele ya yi ta ɗaukaka ƙara har 1996 da kotu ta rufe maganar, ta ba ta ikon amfani da sunansa. Sunan ta samu, amma bai jawo ta a jiki ba. Ta shiga siyasa aka zaɓe ta kansila a birnin Santos, inda ta yi ƙoƙari aka yi dokar yi wa talakawa irin wannan gwaji kyauta. Ta rasu cikin 2006 da ciwon daji tana da shekara 42, Pele bai halarci jana'izarta ba. Cikin watan Disamba na 2022, yana kwance a asibiti a Sao Paulo gab da rasuwarsa, 'ya'yanta maza biyu suka sami shiga suka gan shi.

Diego Maradona na Ajantina ya ɗaga kofin duniya a Meziko cikin watan Yuni na 1986. Cikin watan Satumba na shekarar wata mace a birnin Napoli na Italiya, inda yake wasa, ta haifi ɗa namiji ta sa masa sunan Diego, ta ce nasa ne. Maradona ya musa, ya kuma ƙi yarda a gwada jininsa. Cikin 1993 kotun Italiya ta yanke cewa ɗansa ne, ta sa shi biyan ciyarwa. Yaron bai sami zama da shi ba sai cikin 2003, a wani filin wasan golf a Italiya. Sai cikin 2016, yaron yana gab da cika shekara 30, Maradona ya tsaya gaban 'yan jarida a Buenos Aires ya ce ɗansa ne. Shekara huɗu bayan haka, ran 25 ga Nuwamba 2020, Maradona ya rasu. Watau shekara 30 na musu, huɗu na zumunci.

Kafin su akwai Garrincha, abokin wasan Pele, wanda giya ta kashe cikin 1983 yana da shekara 49, ya bar aƙalla 'ya'ya 14 cikin talauci, har da wanda ya haifa a Siwidin sa'ad da ƙungiyarsa ta je wasa can cikin 1959. A nan Afirka ma, cikin 2022 wata kotu a Madrid ta ƙasar Sifen ta yanke cewa Samuel Eto'o na Kamaru shi ne mahaifin wata budurwa 'yar shekara 22, ta umarce shi ya riƙa biyan yuro 1,400 a wata. Boris Becker na Jamus, wanda ya ci gasar tanis ta Wimbledon cikin 1985 yana ɗan shekara 17, ya musa wata 'ya da aka haifa masa a Landan cikin 2000, sai da gwaji ya tabbatar cikin 2001 ya karɓe ta. Cikin 2017 kotu ta ce ya karye, cikin 2022 aka ɗaure shi a Ingila saboda ɓoye dukiya ga masu bin sa bashi.

ME KE KAWO HAKA

Abu na farko shi ne kuɗi mai yawa a hannun yaro. Da yawansu suna sa hannu a kan miliyoyi suna da shekara 19 zuwa 22, daga gidan da ba a taɓa ajiye ko dala dubu ba. Tun suna makaranta ake ɗaga musu ƙafa saboda gwanintarsu, malami ya kau da kai, koci ya rufa asiri, har su saba da cewa duk ɓarnar da suka yi akwai mai gyarawa. Sa'an nan ga yawan tafiya. Ƙungiyar NBA tana buga wasa 82 a kaka, rabinsu a wasu garuruwa, daga wannan otal zuwa wancan, kuma ko'ina akwai masu jiran su.

Na biyu, kuɗin ba ya zama. Cikin 2009 Sports Illustrated ta sake buga wani rahoto da ya ce kashi 78 cikin 100 na 'yan NFL suna karyewa ko su shiga matsin kuɗi shekara biyu bayan barin wasa, kashi 60 cikin 100 na 'yan NBA kuma cikin shekara biyar. Waɗansu masana tattalin arziki sun ga adadin ya yi yawa, suka bi takardun kotu da kansu, cikin 2015 suka ce wajen kashi 16 cikin 100 na 'yan NFL ne ke bayyana karayar arziki a kotu cikin shekara 12 da barin wasa. Ko da wannan ƙaramin adadi aka ɗauka, mutum ɗaya ke nan cikin shida, a cikin mutanen da suka sami abin da ma'aikaci ba zai samu ba duk rayuwarsa. Saki da kuɗin ciyarwa suna cikin manyan dalilan da aka ambata, tare da mugun jari da 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa.

Na uku shi ne wanda labarin Rodman da na Owens suka nuna. Wanda bai ga uba a gida ba, bai ga yadda ake yi ba. Wannan dalili ne, amma bai isa uzuri ba, don akwai waɗanda suka tashi haka suka juya abin.

Masu shirya gasannin sun san da matsalar. Tun 1986 NBA ke tara sababbin 'yan wasa kafin a fara kaka a yi musu lacca a kan kuɗi da mata da miyagun ƙwayoyi, NFL ma ta fara irin nata cikin 1997. Sau da yawa tsofaffin 'yan wasa da suka ƙone ake kawowa su ba da labarin kansu. Su 'yan wasan suna da nasu ƙorafin, suna cewa akwai matan da ke farautarsu don kuɗi, kuma kotuna suna yanke musu abin da ya wuce bukatar yaro nesa. Ko da akwai gaskiya a ciki, yaron ba ya wurin sa'ad da aka yi cinikin, kuma shi ke kwana da yunwa in aka ƙi biya.

Game da zargin wariyar launi kuwa, sunayen Becker da Maradona sun isa shaida cewa abin ba na launin fata ba ne. Rahoton 1998 ɗin ma ya kawo Larry Bird, Bature, wanda ya yi nesa da 'yarsa ta auren fari. Bugu da ƙari, wani bincike da hukumar lafiya ta Amurka ta fitar cikin 2013 ya nuna cewa a cikin iyaye maza da ke zaune da ƙananan 'ya'yansu, kashi 70 cikin 100 na baƙar fata suna yi musu wanka ko sa musu tufafi kullum, na Turawa kuwa kashi 60.

SUNAN DA BA YA KAN RIGA

Duk mai zuwa gidan kallo a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya ga shaidar wannan al'amari a bayan rigunan 'yan wasa, ko da bai lura ba. Virgil van Dijk na Liverpool sunansa na yanka kaɗai ke bayan rigarsa, kuma kawunsa ya gaya wa jaridu cewa dalilin shi ne mahaifin ya bar su a shekarun da suka fi bukatarsa. Memphis Depay na Holan, wanda mahaifinsa mutumin Gana ne, ya ce uban ya bar gida yana ɗan shekara huɗu, shi ya sa Memphis kaɗai yake sawa. Dele Alli, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya cire Alli daga rigarsa cikin 2016 yana Tottenham, ya ce ba ya jin wata alaƙa da sunan. Tun yana ɗan shekara 13 ya koma gidan iyayen wani abokin wasansa, su suka ƙarasa renonsa. Iyayensa na jini sun fito cikin jaridun Ingila suna roƙon ya komo gare su, kowane ɓangare da nasa labarin.

Shaquille O'Neal mijin uwarsa ne ya rene shi, wani sajan soja mai suna Phillip Harrison, kuma shi yake kira uba har mutumin ya rasu cikin 2013. Sai bayan haka ya yarda ya zauna da wanda ya haife shi. LeBron James kuwa uwarsa tana da shekara 16 ta haife shi a garin Akron cikin 1984, uban bai taɓa zama cikin rayuwarsa ba, suka yi ta ƙaura daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya auri yarinyar da yake nema tun suna sakandare, suka haifi uku, cikin 2018 ya buɗe makaranta a garinsu don yaran da ke cikin irin halin da ya taso. Ran 22 ga Oktoba 2024 ya shiga fili tare da babban ɗansa Bronny cikin rigar Los Angeles Lakers, karo na farko ke nan da uba da ɗa suka yi wasa tare a tarihin NBA.

A Nijeriya ma doka ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗora wa iyaye ciyarwa da tufatarwa da ilmantarwa, Jihar Ikko ta karɓe ta cikin 2007, kotunan alƙalai a Arewa kuwa tun da can suna yanke wa uba kuɗin ciyarwa ko an rabu da uwar. Nisan wuri shi kaɗai ba ya mai da mutum gudajje. Dubban magidanta suna neman abinci a Kudu iyalinsu na gida, aike yana zuwa a kan kari, ana jin muryarsu a waya, ana ganinsu da salla da damina, 'ya'yansu kuma sun san suna da uba. Mahaifin Terrell Owens kuwa titi ɗaya ne tsakaninsa da ɗansa har shekara 11.

Kotu tana iya cire kuɗi daga albashi, ta ƙwace fasfo, ta kai mutum kurkuku. Abin da Sandra Regina ta nema daga 1991 har ta koma ga Mahaliccinta, da abin da Trinity Rodman ta ce ta rasa, ba alƙalin da ya taɓa iya karɓo wa wani shi.